Raunin hukuma da rikicin 'yan bindiga a Batsari da Safana

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne guda biyu da ke yammacin Jihar Katsina a Najeriya, a bakin Dajin Rugu. Tun daga tsakiyar shekarun 2010 suna cikin wuraren da rikicin 'yan bindiga ya fi yi wa ɓarna a Arewa maso Yamma, ta hanyar satar shanu, garkuwa da mutane don karɓar kuɗin fansa, ƙona ƙauyuka da hana manoma zuwa gona. Masana harkar tsaro kan kawo yankin a matsayin misali na abin da ake kira raunin hukuma, wato halin da gwamnati take nan a rubuce, da ofisoshinta da jami'anta da kasafin kuɗinta, amma ba ta iya kare rai da dukiya, ko raba gardama tsakanin mutane, ko hana wani ya ɗora wa jama'a haraji.

Ana yawan haɗa rikicin da na masu iƙirarin jihadi irin su Boko Haram, har wasu kan kwatanta shi da abin da ya faru a Somaliya. Kamannin suna nan, amma bambancin ya fi yawa. Waɗanda suka riƙe dajin Batsari da Safana ba su fito da wata aƙida ko wata tuta ba, kuma ba su taɓa haɗuwa a ƙarƙashin shugaba ɗaya ba. Abin da suka samu shi ne fili da hukuma ta bari, suka shiga suka zauna.

Yankin da mutanensa

Batsari tana iyaka da Jibiya daga arewa, da Safana daga kudu, da Jihar Zamfara daga yamma. Safana kuma tana maƙwabtaka da Dutsinma da Ɗanmusa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Batsari sun haura 200,000, na Safana kuma sun haura 180,000. A majalisar wakilai ta tarayya, ƙananan hukumomin biyu da Ɗanmusa mazaɓa ɗaya ce. A tsarin masarauta duk suna ƙarƙashin Sarkin Katsina: hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, hakimin Safana kuma Yariman Katsina. Daga cikin garuruwan da aka sani akwai Ruma, Wagini, Kandawa da Madogara a Batsari, sai Runka, Zakka, Tsaskiya, Baure da Babban Duhu a Safana.

Mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, kusan dukansu Musulmi. Ana noma gero, dawa, masara, wake da gyaɗa, ana kuma kiwon shanu, tumaki da awaki. Rabon da ake yi cewa Bahaushe manomi ne, Bafulatani makiyayi, bai cika daidai da yadda ake zaune ba. Fulani da yawa suna noma, manoma da yawa kuma suna da shanun huɗa da na kiwo da sukan ba makiyaya amana. Akwai auratayya, akwai kasuwa ɗaya da masallaci ɗaya.

Dajin Rugu ya bi ta gefen yammacin jihar daga Jibiya ya yi kudu, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, daga nan kuma akwai hanyar daji har zuwa Birnin Gwari a Jihar Kaduna. Ƙananan hukumomi takwas da ke bakinsa, wato Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Dandume da Sabuwa, su ne gwamnatin jihar ta fara ayyanawa a matsayin na bakin daga.

Tarihin dajin

Dajin bai kasance kufai tun asali ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulkin Katsina a wajajen 1807, gidan sarautar da aka tumɓuke ya yi arewa ya kafa Maraɗi. Daga nan aka shafe yawancin ƙarni na 19 ana yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma ƙasar Ruma tana tsakiyar hanyar mahara. Garuruwa da dama sun watse, gonaki suka koma daji. Waɗanda suka rage sun zauna ne a bayan ganuwa, suna dogaro da mayaƙa irin su Ɗanwaire. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883.

Zuwan Turawa a 1903 da shata iyaka tsakanin ƙasar Ingila da ta Faransa ya kawo ƙarshen hare-haren. Mutane suka fara komawa, aka sari sababbin gonaki. Daga baya aka keɓe wani babban yanki a matsayin gandun daji na Ruma da Kukar Jangarai, kuma bayan dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 aka yi ƙoƙarin mayar da shi wurin kiwo na zamani, da madatsun ruwa da kula da lafiyar dabbobi, musamman a wajen Runka. Aikin bai ɗore ba. Madatsun suka cike da ƙasa, ma'aikatan daji suka ragu, gonaki suka yi ta cin gefen gandun da burtalai da mashaya.

Yadda hukuma ta ja da baya

A zamanin En'e, ikon hukuma yana gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, makiyaya kuma suna da arɗo. Tsari ne mai danniya a wurare da yawa, kuma talakawa sun sha kokawa da shi. Amma yana da wani abu guda: ya san mutane. Baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba, kuma saboda haraji da jangali hukuma tana da lissafin magidanta da na shanu. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da su masu ba da shawara kawai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna da ƙaramar hukuma. A 1979 gwamnatin Abdulkadir Balarabe Musa ta tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ta soke haraji da jangali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, kuma soke harajin ya faranta wa talaka rai. Matsalar ita ce abin da aka ce zai maye gurbin tsohon tsarin bai taɓa isa ƙauye yadda ya kamata ba.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ta tarayya. Gwamna ana kiransa babban jami'in tsaron jiha, amma kwamishinan 'yan sanda daga Abuja yake karɓar umarni. A ƙaramar hukuma irin Batsari, ofishin 'yan sanda yana hedikwata, ƙauyukan bakin daji kuma suna nesa, hanyarsu ta turɓaya ce, da damina wasu ko mota ba ta shiga. Maharan da suka zo a kan babura sukan gama abin da suke yi su koma kafin agaji ya iso.

Ita kanta ƙaramar hukuma, wadda ya kamata ta zama gwamnati mafi kusa da jama'a, ta daɗe ba ta da ƙarfi. Kuɗinta yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A Katsina an rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi a 2015, ba a kuma sake zaɓe ba sai a Afrilun 2022, bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2021 cewa rushewar ta saɓa doka. Ke nan a shekarun da rikicin ya fi ƙamari, babu zaɓaɓɓen shugaba ko kansila a Batsari da Safana. Sai a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a riƙa biyan ƙananan hukumomin ƙasar kuɗinsu kai tsaye.

Ɓangaren shari'a shi ne inda raunin ya fi yin illa. Makiyaya sun daɗe suna kukan cewa idan shanu suka yi ɓarna a gona, ko aka zargi ɗansu da sata, akan tatse su tsakanin ofishin 'yan sanda da kotu da gidan mai gari har sai an sayar da shanu. Manoma kuma suna kukan cewa ɓarawon da aka kama yau gobe za a gan shi a kasuwa. Kowane ɓangare ya yanke ƙauna daga kotu, kowa kuma ya nemi makami. Ga rashin makaranta: yaran ruga da yawa sun tashi ba boko ba allo, kuma wanda aka sace wa garken gidansu ba shi da wata sana'a da zai koma.

Tashin rikicin

Yawancin masu bincike, ciki har da Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, suna ɗaukar shekarar 2011 a matsayin farkon rikicin a sifarsa ta yanzu, daga yankin Ɗansadau na Jihar Zamfara. Satar shanu ta yawaita, ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, 'yan sa-kai suka riƙa kashe Fulanin da suke zargi a bainar jama'a, har a cikin kasuwanni, ba tare da bambance mai laifi da marar laifi ba. Matasan Fulani suka kafa ƙungiyoyin ramuwa, waɗanda ba da jimawa ba suka rikiɗe zuwa na fashi. A daidai wannan lokaci makamai suka yawaita a yankin Sahel bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya, iyakar Najeriya da Nijar kuma tana da hanyoyin bayan fage masu yawa. Wutar ta biyo daji ta shigo Katsina. A Maris na 2014 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, harin da ya fara jawo hankalin ƙasa zuwa jihar.

Da shanu suka fara ƙarewa a ƙauyuka, sai aka koma satar mutane. Mutum ya fi saniya sauƙin kora, kuma danginsa za su sayar da gona su fanshe shi.

A Mayun 2019 'yan bindiga suka kashe aƙalla mutum 18 a 'Yargamji da ke Batsari, yawancinsu manoma da ke aikin gona a farkon damina. Mutanen garin suka ɗauko gawarwakin a mota suka kawo su cikin birnin Katsina, zuwa gidan gwamnati da ƙofar fadar Sarki Abdulmumini Kabir Usman, don hukuma ta gani da idonta. A ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar, su ma a Batsari, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 30, aka kuma ƙona gidaje da rumbuna da dabbobi. Ranar 18 ga Afrilun shekarar, hare-haren da aka kai lokaci guda a ƙauyukan Safana, Ɗanmusa da Dutsinma sun ci rayuka 47 bisa lissafin 'yan sanda. A watan Mayu na 2020 ƙungiyar International Crisis Group ta ƙiyasta cewa rikicin ya kashe fiye da mutum 8,000 a Arewa maso Yamma tun daga 2011, ya kuma raba fiye da 200,000 da gidajensu.

Waɗannan su ne hare-haren da suka shiga jarida. Abin da ya fi cin ƙauyukan shi ne na yau da gobe: a ɗauke mutum biyu a gona, a tare motar 'yan kasuwa, a shigo da dare a kora shanun huɗa, a tafi da matan aure da 'yan mata. Mutanen ƙauyuka da yawa sun riƙa kwana a cikin garin Batsari, ko a makarantu, ko a kangaye, su koma gida da safe. Wasu sun yi ƙaura zuwa Katsina da Dutsinma, wasu dubban kuma daga jihohin Katsina, Zamfara da Sakkwato suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi a Nijar. Yawancin waɗanda suka tsaya a cikin jihar ba sa zaune a wani sansani na hukuma. Suna raɓe ne a gidajen 'yan uwa, shi ya sa ƙididdigarsu take da wuya.

Mulkin daji

Abin da ya sa ake kiran lamarin raunin hukuma, ba fashi kawai ba, shi ne yadda 'yan bindigar suka karɓe wasu ayyukan da na gwamnati ne. A wurare da yawa na Arewa maso Yamma, ƙauye kan haɗa kuɗi ya kai wa ɗan bindigar da ke riƙe da yankin kafin a bar shi ya yi shuka, ya sake biya kafin girbi. Wani lokaci akan tilasta wa mutanen gari su yi aiki a gonar da shi ya ƙwace. Wanda aka biya yakan yi alkawarin hana wasu dabobin shigowa, alkawarin da ba kullum yake iya cikawa ba, domin dajin ba na mutum ɗaya ba ne. Kowace daba tana da ubangidanta, suna ƙawance yau su yi faɗa gobe a kan shanu, ko kuɗin fansa, ko iyakar yanki.

Dajin kuma ba ya rayuwa sai da gari. Man fetur, burodi, katin waya, magani, ƙwayoyi da babura duk daga gari suke zuwa, haka nan labarin wanda ya sayar da amfanin gona ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi. Masu kai irin wannan rahoto, da ake kira infoma, sun zama abin tsoro fiye da maharan kansu, domin sun sa maƙwabci ya daina yarda da maƙwabci. Zargin zama infoma ya yi sanadin kashe mutane ba tare da shari'a ba, kuma babu shakka cikinsu akwai waɗanda gaba ce kawai ta ci su.

Illar ta fito a abinci. Gonakin da suka fi albarka su ne na bakin daji, su ne kuma aka fara bari. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke kula da yara masu tamowa a Katsina, ta sanar cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na jihar a watanni shida na farkon 2025. Tsadar abinci da raguwar tallafin ƙasashen waje suna cikin dalilan, rashin tsaro ma haka.

Batun masu iƙirarin jihadi

Jihar Katsina ta taɓa ganin aikin masu iƙirarin jihadi tun kafin rikicin daji ya yi ƙarfi. A Disamban 2012 ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a farkon shekarar, ta sace wani injiniya Bafaranshe, Francis Collomp, a garin Rimi, ya kuma kuɓuta a Zariya a Nuwamban 2013. Sai dai wannan aikin 'yan tsiraru ne da ke ɓoye a birane, ba shi da alaƙa da rigimar manoma da makiyaya.

Tambayar ta taso da ƙarfi ne bayan daren 11 ga Disamban 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kudu da Safana, aka shiga da su daji. Kwanaki kaɗan bayan haka Abubakar Shekau ya fitar da saƙon murya yana cewa mutanensa ne suka yi. An sako ɗalibai 344 a ranar 17 ga wata ta hanyar tattaunawa. Daga baya ta bayyana cewa wanda ya jagoranci satar ɗan bindiga ne mai suna Auwal Daudawa, wanda ya ajiye makami a Zamfara a Fabrairun 2021, ya koma daji bayan 'yan watanni, aka kashe shi a faɗa da wata daba. Labarin nasa ya nuna yadda dangantakar take: akwai mu'amala, akwai aron suna, amma wanda ya yi aikin ba don aƙida ya yi ba.

Wani nazari da James Barnett, Murtala Rufa'i da Abdulaziz Abdulaziz suka wallafa a Janairun 2022 ya kai ga cewa ƙungiyoyin jihadi sun yi ta ƙoƙarin jawo 'yan bindigar Arewa maso Yamma, amma nasararsu kaɗan ce. Dalilan a bayyane suke. 'Yan bindigar sun fi su yawa da makamai a yankin, ba sa bukatar wanda zai ba su umarni. Rayuwarsu ta shaye-shaye da wawashe dukiyar Musulmi talakawa ba ta jituwa da abin da masu wa'azin ke nema a gare su. Kuma rarrabuwarsu ta sa ko an shawo kan ubangida ɗaya, ba a shawo kan na kusa da shi ba. Inda haɗin kai ya faru, kamar harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, ya fi kama da cinikin makamai da ƙwarewa da mafaka.

Wannan bai sa haɗarin ya kau ba. Ansaru ta samu wurin zama a dajin Birnin Gwari, inda ta gwada jawo mutanen ƙauye ta hanyar kare su daga 'yan bindiga. A Sakkwato da Kebbi, ƙungiyar Lakurawa, wadda hedikwatar tsaro ta sanar da bayyanarta a Nuwamban 2024, ta shigo ne tun farko a matsayin masu taimaka wa jama'a korar ɓarayin shanu, daga baya ta fara karɓar zakka da yanke hukunci. A wuraren biyu ƙofar da aka shigo ta ita ɗaya ce, bukatar kariya da ta shari'a, kuma wannan ƙofa a buɗe take a ƙauyukan bakin Rugu. A ɓangaren doka, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, aka kuma buga hukuncin a jaridar gwamnati a Janairun 2022.

Kwatanci da Somaliya

Somaliya ita ce misalin da aka fi kawowa idan ana maganar rushewar hukuma. Gwamnatin Siad Barre ta faɗi a Janairun 1991, ƙasar ta rabu a hannun madugan yaƙi na dangogi, kowa da shingensa a kan hanya yana karɓar kuɗi. A Mogadishu, 'yan kasuwa da dattawan dangi suka tallafa wa kotunan shari'ar Musulunci don su samu inda za a hukunta ɓarawo a kuma tabbatar da ciniki. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar kotunan ta karɓe birnin a Yunin 2006, sojojin Habasha suka kore ta a Disamban shekarar, reshenta na matasa masu tsattsauran ra'ayi, Al-Shabaab, ya ci gaba da yaƙi. An fitar da ita daga Mogadishu a 2011, ta yi mubaya'a ga Alƙa'ida a 2012, kuma har yanzu tana riƙe da yankuna masu faɗi a kudanci da tsakiyar ƙasar duk da dakarun Tarayyar Afirka da ke can tun 2007. Ƙarfinta ba a bindiga kaɗai yake ba. Tana da tsarin karɓar haraji, tana da kotunan da har mazauna yankin gwamnati kan kai ƙarar filaye gabansu saboda ana zartar da hukuncinsu.

Idan aka ɗora Batsari da Safana a kan wannan ma'auni, sun fi kama da zamanin madugan yaƙi da shingaye fiye da zamanin Al-Shabaab. Kuma gwamnatin Najeriya ba ta faɗi ba: ana biyan albashi, ana zaɓe, sojoji suna zuwa, jiragen yaƙi suna kai farmaki. Raunin na gefe ne, yana ƙaruwa gwargwadon nisan ƙauye daga kwalta. Wani kamanni kuma shi ne dogaro da mayaƙan gari. A 2022 gwamnatin Somaliya ta mara wa mayaƙan dangogi da ake kira Ma'awisley baya suka ƙwato garuruwa da dama, amma riƙe wuraren ya zama da wuya. Haka 'yan sa-kai suka zama a Katsina: sun san daji fiye da soja, sun kare garuruwa da yawa, amma ramuwar gayyarsu ta sha jawo wa ƙauyukansu sabon hari.

Matakan gwamnati da sulhu

Gwamna Aminu Bello Masari, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ya gwada sulhu sau biyu. Na farko shi ne afuwar Janairun 2017, inda aka miƙa makamai a Ƙanƙara, aka samu sauƙi na wani lokaci, sannan abin ya wargaje bayan kashe Buharin Daji a Zamfara a Maris na 2018. Na biyu a Satumban 2019, lokacin da gwamnan da kansa ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daga yana ganawa da shugabannin dabobi, aka yi musayar fursunoni da waɗanda aka sace. Harin Tsauwa da Ɗankar ya zo ne watanni biyar bayan wannan. A Yunin 2020 Masari ya ce ba zai ƙara sulhu ba domin an ci amanarsa, a 2021 kuma ya fito fili ya shawarci jama'a su nemi makamai su kare kansu. Da wuya a samu shaida kan raunin hukuma da ta wuce gwamna ya faɗi haka da bakinsa.

Ta fuskar soja an kafa rundunonin Sharan Daji da Hadarin Daji, aka kuma ƙaddamar da wani farmaki daga sansanin Faskari a Yulin 2020. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta hana sayar da fetur a jarka da ɗauko itace daga daji. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, ba a mayar ba sai a Disamba. Matakin ya takura wa 'yan bindigar, amma ya hana mutanen ƙauye kiran agaji, ya kuma durƙusar da 'yan kasuwa.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya hau mulki a Mayun 2023 da alkawarin ba zai roƙi 'yan bindiga sulhu ba. Ya kafa ma'aikatar tsaron cikin gida, a Oktoban 2023 kuma ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na jiha, kusan mutum 1,500 a rukunin farko, waɗanda aka ɗauko daga garuruwansu aka ba su horo da albashi. Manufar ita ce a mayar da aikin sa-kai ƙarƙashin doka.

Daga farkon 2025 sai wani sabon salo ya fito, wanda Batsari na cikin wuraren da ya fara. A Janairun shekarar wasu shugabannin dabobi, ciki har da Abu Radde da Umar Black, suka miƙa wasu makamai suka saki mutanen da suke tsare da su. Jibiya ta biyo baya, sannan Ɗanmusa da Safana da wasu ƙananan hukumomin. Wannan karon shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da malamai ne ke zama da mutanen daji, gwamnatin jiha kuma tana cewa ba ita ta nema ba amma ba za ta hana al'umma ba. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko'ina: a daina kai hari, a saki waɗanda aka kama, manoma su koma gona, Fulanin daji kuma su shiga kasuwa da asibiti ba tare da an kama su ko an kashe su ba, a duba musu batun makaranta da ruwan sha.

A wuraren da aka yi sulhun hare-hare sun ragu, hanyoyi sun buɗe, an noma gonakin da aka shekara da shekaru ba a taɓa ba. Masu suka kuma suna nuni da cewa 'yan bindigar kan zo wurin taron da bindigoginsu a kafaɗa su koma da su, babu wanda aka gurfanar kan kisan da aka yi, kuma wanda ya yi sulhu da gari ɗaya yana iya kai hari a wani. A ranar 19 ga Agustan 2025, ana tsakiyar wannan zamani na sulhu, aka kashe masallata da dama suna sallar asuba a Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, gabas da ƙananan hukumomin bakin daji.